Digiri Mai Daraja Ta Ɗaya: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

(Jawabin da aka gabatar a taron iyaye da ɗalibai na ikilisiyoyinmu a Rigasa, Kaduna, kafin ɗalibai su koma makaranta)

 Mun gode wa kwamitin shirye-shirye da ya ba mu wannan zarafi, mun kuma gode wa iyayen da suka rufe shagunansu, suka bar sana'arsu, domin su zauna tare da 'ya'yansu a wannan yini.

An roƙe mu mu yi magana a kan yadda ɗalibin jami'a zai fita da digiri mai daraja ta ɗaya. Akwai tambayar da iyaye sukan kawo wa fastoci cikin damuwa: yaron nan shi ne yake zuwa na ɗaya tun daga firamare, ya ci jarrabawar WAEC da ta JAMB lafiya lau, to yaya aka yi ya gama jami'a da ƙyar? Wasu sukan ce malamai ne suka danne shi, wasu su ce hannun maƙiya ne. Sau da yawa amsar tana cikin wani lissafi ne mai sauƙi wanda ba a taɓa zaunar da iyaye aka bayyana musu ba, yaron ma bai gane shi ba sai da ya kai aji uku. Wannan lissafi muke so mu shimfiɗa a gabanku yau, sa'an nan mu dubi abin da ya rataya a wuyan ɗalibi, da na gida, da na ikilisiya.

Ƙanƙantar jama'a ba ta hana

Mu da muke sujada a Rigasa mun san yawanmu. Bayan rikicin Fabrairu 2000 da na Nuwamba 2002, iyalai da yawa sun ƙetare kogi sun koma Sabon Tasha, Narayi, Television da Romi. Kujerun da suka bari har yau ba su cika ba. Saboda haka yana da sauƙi yaro ya tashi a nan da tunanin cewa manyan abubuwa na 'ya'yan manyan ikilisiyoyi ne.

Sai mu tuna da Wusasa, a gefen Zariya. Masu bi na wurin 'yan kaɗan ne a tsakiyar ƙasar Zazzau, amma sun riƙe makaranta da hannu biyu. Daga cikinsu aka sami Dokta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewacin Nijeriya, wanda ya yi karatu a Jami'ar Birmingham ta Ingila. Asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Kaduna, inda muke kai marasa lafiyarmu, sunansa yake ɗauke da shi. Daga makarantar Wusasa kuma Farfesa Ishaya Audu ya fito, likitan yara, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, daga baya ya zama ministan harkokin waje daga 1979 zuwa 1983. Wanda ya gaje shi a kujerar jami'ar, Farfesa Iya Abubakar, Musulmi ne daga Adamawa, ya fita daga Kwalejin Jami'a ta Ibadan da daraja ta ɗaya a fannin lissafi, ya wuce Cambridge ya yi digirin digirgir. Waɗannan mutane sun yi karatu a lokacin da babu jami'a ko ɗaya a Arewa, domin sai a 1962 aka buɗe ta Zariya. Yau 'ya'yanmu suna da Jami'ar Jihar Kaduna da aka kafa a 2004 a cikin garin nan, ga Zariya tafiyar kilomita kusan 80, ga Kano, ga Jos, ga Jami'ar Bingham ta ECWA a Karu. Ƙofofi sun yi yawa. Abin da ya rage shi ne mu san yadda ake shiga.

Yadda ake lissafin

Iyaye, ku ba mu kunnenku a nan, ko da ba ku taɓa taka harabar jami'a ba. Wanda ya iya lissafin mudu da tiya zai gane wannan.

A yawancin jami'o'in Nijeriya, wanda ya sami maki 70 zuwa sama a darasi an ba shi A, wato lamba 5. Daga 60 zuwa 69 B ne, lamba 4. Daga 50 zuwa 59 C ne, lamba 3. Daga 45 zuwa 49 D ne, lamba 2. Inda ake ba da E, daga 40 zuwa 44 ne, lamba 1. Ƙasa da haka F ne, ba ko lamba ɗaya, kuma dole a maimaita darasin. Kowane darasi yana da nauyinsa, wani 1, wani 2, wani 3 ko 4, kuma mai nauyi ya fi jan sakamako sama ko ƙasa. Ana tara lambobin duka darussan da ɗalibi ya yi tun daga zangon farko har na ƙarshe, a fitar da matsakaici. Shi ne abin da kuke ji yara suna kira CGPA.

Daraja ta ɗaya tana farawa daga 4.50 zuwa 5.00. Daraja ta biyu babba daga 3.50 zuwa 4.49. Daraja ta biyu ƙarama daga 2.40 zuwa 3.49. Daraja ta uku daga 1.50 zuwa 2.39. A kwalejin kimiyya da fasaha irin Kaduna Polytechnic ma'aunin yana tsayawa ne a 4.00, kuma babban sakamako yana farawa daga 3.50. Digirin likita kuwa ba a raba shi daraja-daraja, sai dai a yaba wa wanda ya yi fice a wani fanni.

To, ga inda maganar take. Idan darussa nauyinsu ɗaya, wanda ya sami A a rabi, B a rabi, ya tsaya daidai kan 4.50. Idan ya sami C guda ɗaya, sai ya kawo A uku kafin ya toshe ramin. Idan ya sami F guda ɗaya, sai A tara, domin a yawancin jami'o'i sifilin nan ba ya gogewa ko bayan an maimaita darasin an ci.

Mu ɗauki karatu na shekara huɗu, mu ce nauyin kowace shekara ɗaya ne. Yaron da ya gama ajin farko da 3.50 yana bukatar matsakaicin 4.83 a sauran shekaru ukun. Wanda ya gama da 3.00 yana bukatar A a kowane darasi har ya fita, ba B ko ɗaya. Wanda ya gama ƙasa da 3.00, ƙofar daraja ta ɗaya ta rufe masa tun yana sabon shiga, ko da zai kwana a laburare har ranar yaye shi. Wannan ba mugunta ba ce ta kowa, haka ma'aunin yake.

Ku dubi kuwa yadda ajin farko yake. A wannan shekarar ce yaro yake fama da rajista, da neman ɗakin kwana, da sababbin abokai, da 'yancin da bai saba da shi ba. Sau da yawa sunansa yakan fito a jerin masu gurbi na biyu ko na uku, ya iso an riga an yi makonni ana lacca. Darussan gama-gari kamar Turanci da nazarin al'adun ƙasa yakan raina su, ya ce ba fanninsa ba ne, alhali lambarsu tana shiga lissafi kamar kowace. Hausawa sun ce da sanyin safiya ake kama fara. Ajin farko shi ne sanyin safiyar jami'a.

Abin da ke wuyan ɗalibi

'Ya'yanmu, yanzu da ku muke.

Na farko, ku shiga aji. Ƙa'idar jami'o'i ita ce sai ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin ɗari na lacca kafin ya zauna jarrabawa. Ko inda ba a tsananta wannan ba, malami yakan nuna abin da ya fi ba muhimmanci da bakinsa a cikin aji, abin da ba za ka same shi a takardar da abokinka ya kwafa ba.

Na biyu, kada ku yi wasa da gwaji da aikin gida. A cikin maki 100 na darasi, 30 ko 40 daga nan suke fitowa tun kafin babbar jarrabawa. Wanda ya shiga ɗakin jarrabawa da 34 cikin 40 yana neman 36 ne kawai cikin 60 ya sami A. Wanda ya shiga da 15 yana neman 55 cikin 60, abin da ko gwani ba ya samu kullum.

Na uku, ku yi karatu kowace rana, ko da awa biyu ko uku ne, a ranar da aka koyar da abin. Kwanan zaune ana saura kwana uku jarrabawa, da goro da shayi, yana iya ba mutum C, amma da wuya ya ba shi A a darasi takwas a jere. Bayan kun karanta, ku rufe littafin ku gwada faɗin abin daga ka, ko ku koya wa wani. A nan ne mutum yake gane abin da ya zauna da abin da bai zauna ba. Ku nemi tambayoyin shekarun baya ku amsa su da agogo a gabanku. Wanda yake Samaru ya san Laburaren Kashim Ibrahim, kada ya gama shekara huɗu bai san inda littattafan sashensa suke ba.

Na huɗu, ku zaɓi abokan karatu bisa ga himmarsu. Ku da kuka tashi a Rigasa kuna da abin da wasu ba su da shi: kun iya zama da kowa, kun ji Hausa kamar jakin Kano, maƙwabtanku Musulmi ne tun kuna goye. Idan wanda ya fi kowa gane lissafi a ajinku Musulmi ne, ku zauna kusa da shi, abin da kuka fi shi kuma ku koya masa.

Na biyar, ku yi hankali da wayar hannu. A cikinta akwai littattafai da lacca kyauta daga manyan malamai na duniya, a cikinta kuma akwai TikTok da cacar ƙwallo da ta cinye kuɗin rajistar yara da yawa. Manhajojin da suke rubuta wa mutum amsa suna iya taimaka maka ka gane darasi, amma ba za su shiga ɗakin jarrabawa tare da kai ba.

Na shida, ku duba sakamakonku da kanku kowane zango, ku yi lissafin da hannunku. Idan maki ya ɓace ko an yi kuskure, ku je wurin jami'in jarrabawa na sashe tun da wuri, da ladabi, a rubuce. Abin da aka bari har ajin ƙarshe gyaransa yana da wuya.

Sa'an nan ga yajin aiki. A 2020 malaman jami'a sun yi wata tara ba aiki, a 2022 kuma wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Duk lokacin da aka dawo, sai a matse zango, jarrabawa ta zo da sauri. Wanda ya ajiye littafi gaba ɗaya a gida shi ne yake shan wuya.

Abin da ke wuyan gida da ikilisiya

Dattawa da iyaye, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abu biyu ɗalibi yake bukata daga gare mu, lokaci da abinci.

Mu fara da lokaci. A ƙaramar ikilisiya, matashi mai ƙwazo shi ne kome. Shi ne mai kiɗa, shi ne malamin Makarantar Lahadi, shi ne sakataren matasa, shi ne mai fassara, shi ne jami'in Birged. Idan ya tafi jami'a, ƙungiyar ɗalibai masu bi takan gan shi ta ɗora masa nata. Idan kuma yana Jami'ar Jihar Kaduna yana kwana a gida, kullum sai ya fita Bakin Ruwa ya shiga mota biyu ko uku, ya dawo da yamma a gajiye, ya tarar ana jiransa a koyon waƙa. Yaron kirki ba ya iya ce wa fasto ko dattijo a'a. Saboda haka mu ne ya kamata mu sauke masa tun bai roƙa ba. Shawararmu ita ce, ɗalibin ajin farko kada a ba shi muƙami ko ɗaya. Na sauran azuzuwa, hidima ɗaya ta isa. Makonni uku kafin jarrabawa, a ɗauke masa koyon waƙa da addu'ar kwana, iyaye su tsaya a madadinsa. Ya zo sujada ran Lahadi, ya riƙe addu'arsa da karatun Maganar Allah, sauran lokacin ya ba littafi. Karatun da aka yi da aminci shi ma hidima ne. Wanda ya ce azumi zai maye gurbin lacca yana gwada Ubangiji ne.

A gida kuma, 'yan mata suka fi shan wannan nauyi. Yarinya ta dawo daga aji, ga girki, ga wanki, ga ƙanne, ga jiran shago, ɗan'uwanta namiji yana zaune. Iyayenmu mata na zumunta, wannan a hannunku yake. Ku raba aikin gida daidai, ku kuma daina yi wa yarinya maganar aure a tsakiyar zango. Ku kai 'ya'yanku rajista a makon farko. Biki ko jana'izar dangi na nesa a ƙauye ba dalili ba ne na ɗauke yaro daga aji mako guda.

Sai abinci da kuɗi. Yaron da yake cin abinci sau ɗaya a yini ba zai iya riƙe abin da aka koya masa da ƙarfe biyu na rana ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayu 2023, kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana ɗalibi zuwa aji. Akwai taimako da ya kamata mu sani. A 2024 gwamnatin tarayya ta buɗe asusun lamunin karatu na NELFUND domin ɗaliban makarantun gwamnati. Yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye, ya fara da ba ɗalibi naira 20,000 a wata domin ɗawainiya, babu kuɗin ruwa, ana kuma fara biya ne shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Bashi ne, ba kyauta ba, sai iyali su zauna su yi shawara kafin a ɗauka. Akwai kuma hukumar tallafin karatu ta jiha. Yawancin waɗannan ta intanet ake nema, kuma ana bukatar lambar NIN da ta JAMB. Ya kamata kowace ikilisiya ta sa mutum ɗaya wanda ya iya kwamfuta ya riƙa bin sanarwa, yana taya yara cika takardu.

Abin da ya rage, mu ne. Ikilisiyar da ta iya tara kuɗin janareta da na rufin kwano za ta iya tara mudu biyar na masara, da wake, da ɗan man ja, ta aika wa ɗalibinta a Samaru ko Kafanchan kowane wata.

Daraja ta gaskiya

Dole mu faɗi wannan a fili. Akwai daraja ta ɗaya da ake saya. Akwai satar amsa, akwai biyan wani ya rubuta kundin bincike, akwai kai wa malami ambulan, akwai kuma malaman da suke neman 'yan mata da maki, abin da binciken BBC na 2019 ya fallasa a wasu jami'o'in Afirka ta Yamma. Dokar ƙasa ta 1999 a kan maguɗin jarrabawa ta tanadi tara da ɗauri, jami'o'i kuma suna korar wanda aka kama, ko yana ajin ƙarshe. Amma ko ba a kama mutum ba, ramin ƙarya ƙurarre ne. Injiniyan da ya sayi makinsa zai gina gadar da mu da 'ya'yanmu za mu bi ta kai. Gara yaronmu ya dawo da daraja ta biyu da guminsa da ya dawo da ta ɗaya wadda ba zai iya tsayawa a gaban masana ya kare ta ba.

Iyaye, kada kuɗin da za a kai wa malami ya fito daga aljihunku. 'Yan mata, idan wani ya matsa muku, kada ku yi shiru don kunya. Ku ajiye saƙonnin da ya aiko, ku gaya wa uwa ko matar fasto ko dattijuwar da kuka amince da ita. Mu kuma dattawa mu yi alkawari yau cewa yarinyar da ta kawo irin wannan ƙara za mu saurare ta, mu raka ta ofishin kula da harkokin ɗalibai, ba mu juya laifin a kanta ba.

Me za a yi da ita?

Daraja ta ɗaya tana buɗe ƙofofi. Jami'o'i sukan nemi irin waɗannan ɗalibai su zama mataimakan malamai. Masu ba da tallafin ƙarin karatu, irin su PTDF da na ƙasashen Commonwealth, darajar digiri tana cikin abin da suke fara dubawa. Ga yaron da ba shi da kawu a ofishin gwamnati, takardarsa ita ce kawunsa. Wannan ya sa maganar take da nauyi a gare mu: yawancin 'ya'yanmu ba su da wanda zai ɗaga waya ya yi magana dominsu.

Duk da haka, ba kowa ne zai same ta ba, a sashe guda sau da yawa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Yaron da ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya fito da daraja ta biyu ba abin kunya ba ne, kada a riƙa gwada shi da ɗan maƙwabci. Wanda ya riga ya yi tuntuɓe a ajin farko kada ya yanke ƙauna. Mai 2.80 yana iya hawa ya kai daraja ta biyu babba, ita ma tana buɗe ƙofofi masu yawa. Idan kun ga yaro ya daina cin abinci, ya daina barci, ya daina magana saboda sakamako, ku jawo shi kusa. Ransa ya fi kowace takarda.

Ku kuma da Allah zai ba wannan daraja, ku tuna wa ya ba ku, ku tuna da matan da suka auna muku masara. Ku dawo lokacin hutu ku koya wa ƙannenku lissafi da Turanci, na ikilisiya da na maƙwabta duka.

Kammalawa

Muna roƙon majalisar dattawa ta kowace ikilisiya ta ɗauki abu huɗu kafin a koma makaranta. Ta rubuta sunayen ɗalibanta duka, da makarantarsu da ajinsu. Ta haɗa kowane sabon shiga da wani babba da ya yi jami'a, wanda zai riƙa tambayarsa sakamako kowane zango. Ta keɓe baikon Lahadi ɗaya a kowane wata uku domin ɗalibai, a riƙa karanta lissafinsa a gaban jama'a. Ta kuma buɗe ɗakin sujada da maraice, a kunna fitila, domin yaran da ba su da wutar lantarki ko wurin zama shiru a gida.

Iyaye, idan kun koma gida yau, ku tambayi ɗanku ko 'yarku lambar nan ta CGPA. Yanzu kun san ma'anarta. Ku tambaya da taushin murya, ku saurari amsar, ku ga inda za ku sa hannu.

Ubangiji ya ba 'ya'yanmu fahimi da lafiya, ya tsare su a hanyar Zariya da ta Kafanchan da duk inda suke, ya albarkaci aikin hannun iyayensu, ya kuma ba garinmu Kaduna zaman lafiya.